Me Ya Sa Dutsen Guga Ke Ƙin Zafi Idan Wuta Ta Zo Rabi?

Duk mai wanki da guga a Zuru ya san wannan takaicin, musamman ana gab da bikin Uhola ko Sallah, kaya sun taru jibgi. An kawo wuta, amma ba ta da ƙarfi. Fanka na juyawa kamar mai jin barci, dutsen guga kuwa sai ɗumi-ɗumi, ya ƙi kwantar da shadda. Dutsen lafiyarsa ƙalau. Abin da ya same shi lissafi ne, wanda bai gagari duk wanda ya iya sau da rabawa ba.

Juya dutsen ka duba gindinsa. Za ka ga lambobi da haruffa, misali 230V da 1000W. V ɗin nan bolt ne, ma'aunin ƙarfin da ke ingiza wuta cikin waya, kuma 230 ne ya kamata ya iso soket a Najeriya. W kuwa wat ne, yawan aikin da na'ura ke yi da wutar, wanda a wajen dutsen guga zafi ne. Akwai na uku da ba kullum ake rubutawa ba: A, wato amfiya, yawan wutar da ke kwarara. Dokar da ta ɗaure su gajera ce: bolt sau amfiya shi ne wat. Ka raba 1000 gida 230, ka sami wajen 4.3. Amfiyar da dutsen ke ja ke nan.

A cikin dutsen akwai wata waya da wuta ba ta ratsa ta cikin sauƙi, sai da gumurzu, kuma gumurzun ne ke zama zafi. Wannan hali shi ne turjiya. Ana auna ta da om, sunan Georg Ohm, wani malamin makaranta Bajamushe da ya wallafa dokarta a 1827. Dokar ta ce ka raba bolt da amfiya. A nan 230 gida 4.3 ya ba mu om 53, ko kusa da haka.

To, ga inda gizo ke saƙar. Turjiyar dutsen tana nan kusan yadda take, ko wuta ta cika ko ta rage. A ce ranar bolt 160 ne kawai ya iso shago. Raba 160 gida 53, amfiya 3 ke nan. Sai ka ce 160 sau 3, wat 480. Wutar ba ta ragu da kashi ɗaya cikin uku ba ma, amma zafin ya faɗi ƙasa da rabi, domin bolt ya sauka, amfiya ma ta bi shi. Da bolt ɗin zai koma rabi cif, da rubu'in zafin ne zai saura.

Kada dai a ɗauki wannan a ɗora wa firji ko injin jan ruwa. Masu injin juyawa a ciki halinsu daban ne. Idan wuta ta yi rauni, sukan yi ta yunƙurin tashi suna jan amfiya fiye da kima har su ƙone. Kashe su ya fi.

Lissafin nan kuma shi ke raba gardama kan ƙaramin janareta, wanda ƙarfinsa bai kai wat 1000 ba. Ƙwan lantarki da fanka da talabijin yana ɗauka, amma da an jona dutsen guga sai ya yi tari ya mutu. Haka fulogi mai fis ɗin amfiya 13: 230 sau 13 bai cika wat 3000 ba. Butar lantarki mai 2000 da dutsen guga mai 1000 sun riga sun cinye shi, kafin a ƙara ko cajar waya. Ni ban yarda da sirirun wayoyin jone-jone na kasuwa su ɗauki ko rabin wannan ba.

Inda na fi so a natsu shi ne sola, tunda yanzu ta shiga gidaje da shaguna. Batir bolt 12 ne. In inbata za ta fitar da wat 1000 daga gare shi, raba 1000 gida 12: amfiya 83, sama da ninki 19 na abin da dutsen ke ja daga soket. Ɗauki wayar da turjiyarta ba ta wuce om 0.1 ba. A amfiya 4.3 ko rabin bolt ba ta ci. A amfiya 83 kuwa, amfiya sau om ya nuna za ta lashe bolt 8 cikin 12, ta mai da su zafi, robarta ta narke. Shi ya sa mai haɗa sola da ya san aikinsa ke sa waya mai kauri, gajera, tsakanin batir da inbata, kuma yake ba da shawarar tsarin bolt 24 ko 48 idan kaya sun yi yawa.

Dabarar ɗaya ce da ta manyan turakun da ke ɗauko wuta daga madatsar Kainji zuwa Birnin Kebbi. Ana ɗaga ta zuwa bolt 330,000 don amfiya ta yi ƙasa, kada wayar ta shanye wutar a hanya, sannan taransifoma su yi ta sauke ta mataki-mataki har ta dawo 230 a bakin soket.