Yayen 'Yar Kyanwa: Amanar da Yara Ke Shigo Mana da Ita Gida

 Na san wata za ta ga kan wannan rubutu ta yi murmushi, ta ce duk matsalolin da suka dabaibaye gidajenmu, Malama ba ta ga abin yin magana a kai ba sai kyanwa? To 'yar uwa, ki yi haƙuri ki bi ni zuwa ƙarshe, domin magana ce ta rai, kuma abin da zan faɗa a kaina ya faru.

Wata rana cikin hunturu 'yata ta biyu ta dawo daga Islamiyya tana ta noƙe-noƙe, hannunta cikin hijabi. Ko da na matsa mata, sai ga 'yar kyanwa wadda ba ta fi tafin hannuna ba, idanunta shuɗi, in ta taka sai ta yi tangaɗi ta faɗi. Ƙawarta ce a Kwarbai ta ba ta, wai kyanwarsu ta haihu a bayan buhunan masara, kuma babansu ya ce a rabar da 'ya'yan. Na yi abin da kowace mace za ta yi a ganinta na tausayi: na dama madarar gari na zuba mata a murfi, da safe na ɗiba mata koko mai sukari, da dare kuma muka bar ta cikin kwali a madafi. Kwana biyu ta fara zawo, a kwana na huɗu muka wayi gari ta sandare. Yarinyar ta dube ni da hawaye ta ce, "Umma, mu ne muka kashe ta?"

Wallahi na rasa amsar da zan ba ta. Ni ce fa nake tsayawa gaban allo ina karantar da yara hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Ban kulle ba, ban hana abinci ba, amma jahilcina ya yi aikin da mugunta ke yi. Wannan ya sa na zauna da wata likitar dabbobi, 'yar uwar maigidana, na yi mata tambayoyi kamar ɗaliba. Abin da na koya shi ne zan ba ki, domin kyanwar da muka ɗauko daga baya tana nan da ranta, har ta ga jikokinta.

Kada a yi gaggawar raba ta da uwa

Mu mata mun fi kowa sanin yaye. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ambaci shekara biyu ga wanda ke son cika shayarwa, kuma babu uwar kirki da za ta cire jaririn wata uku daga nono ta miƙa masa tuwo. Kyanwa ma tana da nata lokacin, sai dai ita da makonni ake lissafa shi.

Ana haihuwarta ido a rufe, nauyinta kusan giram 100. Idon kan buɗe tsakanin kwana 7 zuwa 14. Haƙoran nono kan fara fitowa a mako na 3 zuwa na 4, kuma a daidai nan ne take fara lasar abin da uwarta ke ci. Yaye kan fara a mako na 4, ya kammala a wajen mako na 8. Saboda haka likitocin dabbobi ke cewa kada a raba ta da uwa kafin mako 8, in da hali ma a bari ta kai 12. A waɗannan makonni ne take koyon tsaftace jikinta, da binne kashinta, da wasa ba tare da cizo mai zafi ba.

Don haka idan maƙwabciya ta yi miki tayi, ki ce kin karɓa kin gode, amma ta riƙe miki ita wajen uwarta har ta cika wata biyu. Wannan haƙurin kaɗai ya ɗauke miki rabin wahala. Amma idan uwar ta mutu, ko an tsinto ta a lungu, to daga ranar ke ce uwarta.

Ɗumi kafin abinci

Kuskurena na farko shi ne barin ta a madafi cikin sanyin Zariya na watan Janairu. 'Yar kyanwar da ba ta kai mako 4 ba jikinta ba ya iya riƙe ɗumi da kansa, jikin uwa da na 'yan uwanta ne bargonta. Ki sami kwali ki shimfiɗa tsohon zane, ki cika gorar roba da ruwan ɗumi, ki naɗe ta da tsumma ki ajiye a gefe guda, yadda in zafi ya yi mata yawa za ta iya matsawa. Ki ajiye kwalin a ɗaki, nesa da iskar ƙofa da kaskon wuta.

Idan kika taɓa ta kika ji kunnenta da tafin ƙafarta da sanyi, kada ki ba ta komai tukuna. Cikin da ya yi sanyi ba ya narkar da abinci. Ki rungume ta a jikinki har ta yi ɗumi sannan ki ciyar. Haka kuma wadda ba ta kai mako 3 ba, ba ta iya fitsari da kashi sai uwa ta lashe ta. Ke sai ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki riƙa shafa mata ƙarƙashin wutsiya a hankali bayan kowane cin abinci.

Madarar shanu ba nonon kyanwa ba ce

Ga babban abin da ke kashe su a hannunmu. Nonon kyanwa ya fi na saniya sinadarin gina jiki nesa ba kusa ba, sannan sukarin da ke cikin madarar shanu yakan fi ƙarfin hanjin 'yar kyanwa, sai ya zama zawo. Zawon kwana ɗaya kuwa ga halittar da ba ta kai rabin kilo ba, ya isa ya ƙarar da ruwan jikinta.

Akwai madarar da aka haɗa musamman domin 'ya'yan kyanwa, ana samunta a wasu shagunan magungunan dabbobi. Idan dare ya yi miki ba ki same ta ba, za ki iya haɗa madarar ruwa ta gwangwani marar sukari da tafasasshen ruwa daidai wa daida, ki kaɗa ƙwaiduwa ɗaya a ciki. Amma ki sani wannan ta riƙon ƙwarya ce, ta kwana ɗaya ko biyu kafin ki ga likita. Ki ba ta da sirinji marar allura, ɗigo-ɗigo, tana kwance a kan cikinta. Kada ki kwantar da ita rigingine kamar jariri, domin madarar kan bi ta huhu. 'Yar kwanaki tana buƙatar ci duk bayan awa 2 zuwa 3, har da dare. Ta mako 3 zuwa 4 kuwa, duk bayan awa 4 zuwa 5.

Yadda ake yayen

Da zarar kin ga haƙora sun fito, tana cizon bakin sirinji, to lokaci ya yi. Ki dafa tsokar kaza ko kifi da ruwa zalla, ki tsince ƙaya tsaf, ki daka ya yi laushi, ki sassauta shi da ruwan dahuwar har ya zama kamar kunu. Ki lakato da yatsa ki shafa mata a leɓe. Ranar farko za ta fi taka abincin da ƙafa fiye da ci, kada ki damu. Ki zuba a faranti marar zurfi, sau 4 ko 5 a rana, kaɗan-kaɗan, kina ci gaba da ba ta madararta. Duk mako ki rage ruwan ki ƙara kauri, ki kuma rage madara, har zuwa mako na 8 da za ta iya tauna ƙananan yanka. Dafaffen ƙwai ma yana da kyau. Hanta kuwa ɗan kaɗan, ba kullum ba. Ruwan sha mai tsafta ya kasance kusa da ita koyaushe.

Uwargida ki lura, Allah ya halicci kyanwa maciyar nama ce. Akwai wani sinadari mai suna taurin da jikinta ba ya iya samar da isasshensa, sai daga nama da kifi, kuma rashinsa na jawo makanta da ciwon zuciya. Saboda haka koko da tuwo da garau-garau cika ciki kawai suke yi mata. Sauran miyarmu kuwa ya fi haɗari, domin albasa da tafarnuwa na lalata jajayen ƙwayoyin jininta, ga gishiri da yaji da magi. Kafin ki zuba kayan miya, ki cire mata ɗan yankanta.

Alamar da za ta nuna miki kina kan hanya ita ce nauyi. Lafiyayyar 'yar kyanwa kan ƙaru da kusan giram 100 a mako. In kina da ƙaramin sikelin awon fulawa ki riƙa ɗora ta. Idan ta ƙi ci, ko ta daina ƙaruwa, ko dasashinta ya yi fari, ko zawo ya kwana, kada ki jira.

Abubuwan da ba a yi mata

Kada ki kuskura ki ba ta farasitamol, ko da ɓarin ƙwaya ne, domin hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, kisa yake yi. Kada a shafa mata kananzir ko fiya-fiya don kashe ƙuma, kada kuma a yi mata amfani da maganin kaskar karnuka. Ki taje ta da matsefi mai ƙananan haƙora, kina jefa ƙumar cikin ruwan sabulu, ki wanke shimfiɗarta da ruwan zafi ki shanya a rana. In an fesa maganin sauro, a fitar da ita sai ɗakin ya sha iska.

Mu a Zariya mun yi sa'a, domin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962 tana da tsangayar koyon likitancin dabbobi da asibitin koyarwarta a Samaru, mota ɗaya ko biyu daga Ƙofar Doka. Ki roƙi maigida ko babban ɗanki ya kai ta. Za a ba ta maganin tsutsar ciki, wadda sau da yawa daga nonon uwa take ɗaukowa, a yi mata rigakafin farko a wajen mako 8, sannan na ciwon haukan kare idan ta cika wata 3.

Lafiyar iyalinki

Game da tsarki, hankalinki ya kwanta. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa yadda Sahabi Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa ta sha, ya kuma sanar da matar ɗansa da ta yi mamaki cewa Manzon Allah (SAW) ya bayyana kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da komo a gidajenmu. Amma kashinta ƙazanta ne, kuma yana iya ɗaukar cuta. Ki zuba yashi a tsohuwar roba, ki riƙa ɗora ta a kai bayan ta ci abinci, cikin 'yan kwanaki za ta gane. A kwashe kullum, domin ƙwayar cutar da ake tsoro ga mai juna biyu sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar take zama mai kamawa. Duk da haka mai ciki ta bar wa wani wannan aiki. Yara su wanke hannu da sabulu bayan wasa da ita, kuma kada a bar ta ta kwana a shimfiɗar jariri. In kin ga gashinta na zubewa a zagaye, a kai ta a duba, don makero na tsallakawa zuwa kan yara.

Idan ta ciji yaro ko ta yakushe shi har jini ya fito, musamman wadda aka tsinto ba a san asalinta ba, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar. Ga Asibitin Gambo Sawaba nan a Ƙofar Gayan, ba sai an fita gari ba.

Daga ƙarshe 'yar uwa, yaranki na kallon yadda kike yi da abin da ba shi da bakin kai ƙara. Da muka ɗauko ta biyu, 'yata ce ke tashi bayan sallar asuba ta ɗumama ruwan gora, ƙaninta kuma shi ne mai canza yashi. Yaron da a da yake cikin masu jifan kyanwa a lungu, yanzu shi ke raba ta da yaran unguwa. Idan kin san ba ki da lokacin wannan hidima, babu laifi ki ce a mayar wa uwarta, hakan ma tausayi ne. Amma in kin karɓa, to kin karɓi amana.

Allah ya sa mu cikin masu jinƙai, ya jiƙanmu, ya shirya mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.