Ko Kun Sani?

Na'urar laminatin tana iya lalata takardar da aka kawo don a adana ta. Rasidin POS da ake miƙa muku a kasuwar Jalingo ba da tawada ake buga shi ba. Takardar tana ɗauke da wani sinadari mai yin baƙi da zarar ya ji zafi, ita kuwa na'urar da zafin kusan digiri 100 ko fiye take narkar da gam ɗin leda. Rasidin zai fito baƙi ƙirin, ba harafi ko ɗaya. Mai sayen na'urar don aikin gida gara ya nemi mai maɓallin sanyi da ledarta mai manne kanta, ko ya yi fotokofi ya rufe shi da leda.