Ciwon Ciki Ba Ɗaya Ba Ne

Ciki shi ne ramin da ke tsakanin ƙirji da ƙugu. Wani faffaɗan nama mai kama da rumfa ya raba shi da huhu da zuciya, wani siririn tantani kuma ya lulluɓe bangonsa da kayan da ke cikinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci a kasuwar Gidan Rumji, ko ya gyara kayan cikin ragon layya, ya ga wannan tantani mai sheƙi. Tsarin mutum bai yi nisa da na rago ba, sai dai tumbin mutum ɗaki ɗaya ne, na rago kuwa huɗu.

Likitoci kan raba ciki gida huɗu da layi biyu da suka gitta a cibiya, domin inda ciwo ya zauna yakan tona asirin gaɓar da ta kamu. Sama ta dama, ƙarƙashin haƙarƙari, mazaunin hanta ne. Nauyinta ya kai kimanin kilo 1.5 a jikin baligi, matsarmama na maƙale a ƙarƙashinta. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a ƙasashen Sahel, kuma yakan yi shekaru shiru kafin ido ya yi rawaya, ciki ya tara ruwa. Sama ta hagu akwai tumbi da saifa. Zafin da ke ci a ƙahon zuci sau da yawa gyambon ciki ne, wanda wata ƙwayar cuta ke haddasawa, ko yawan shan maganin ciwon jiki na masu talla. Saifa kuwa takan kumbura a jikin yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi ta maimaitawa.

Ƙasa ta dama ce wurin da ya fi bukatar sa ido. A nan ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 6, yake haɗuwa da babban hanji mai mita 1.5, a nan kuma afendis yake. Ciwonsa kan fara a cibiya, sannan ya gangaro dama ya tsaya.

Abin da ya fi ban tsoro a wannan kusurwa shi ne taifot. Ƙwayar cutar na shiga ta gurɓataccen ruwa ko abinci, ta yi sansani a ƙarshen ƙaramin hanji. A mako na biyu ko na uku tana iya huda shi, ƙazanta ta malale a kan tantani. Yaron da ya yi kwanaki da zazzaɓi, ana cewa sauro ne ko shawara, sai cikinsa ya sandare kamar katako. Yakan kwanta shiru, ba ya son ko a taɓa shi, yana amai, tusa ma ta ɗauke. Jiƙo ba ya ɗinke hanji, tsaga ma haka, maganin wankin ciki kuwa ƙara ɓarna yake. Tiyata ce kaɗai mafita. Daga asibitin gundumar Gidan Rumji akan tura irin wannan zuwa Maraɗi, tafiyar kimanin kilomita 50, wasu kuma kan nufi asibitin Galmi ta yamma, wanda ya daɗe yana karɓar yara masu hudajjen hanji. A hanya ba a ba marar lafiya fura ko abinci, kuma kwana ɗaya na jinkiri na iya zama sanadin rasa shi.

Can ƙasa, a matsematsi, bangon ciki na da rauni tun halitta. Ta nan hanji kan zurmo ya zama gwaiwa, abin da ɗaukar buhun gero da jan guga ke ƙara fito da shi. Kunya kan sa magidanta su ɓoye ta shekara da shekaru, alhali gyaranta ƙaramin aiki ne. Idan tana komawa in an kwanta, ana iya sa ranar aiki. Idan ta maƙale, ta yi tauri da zafi, ga amai, to hanji ya shaƙe, kuma yana iya ruɓewa cikin awoyi kaɗan. Cibin yara dai galibi yakan rufe da kansa kafin shekara 5.