Tsare Mutum Kafin Shari'a: Wa Ke Biyan Kuɗin Jinkiri?

Ranar 1 ga Nuwamba, 2024, aka shigo da mutum 76 gaban Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, saboda zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta. Da yawansu yara ne daga Kano da Kaduna, sun rame, wuyansu ya yi tsawo, huɗu suka zube ƙasa kafin a gama karanta tuhuma. An ba da belin kowane ɗaya a kan naira miliyan 10. Ƙasa ta ɗauki zafi, cikin 'yan kwanaki Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su, Antoni Janar ya janye ƙarar. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda aka yi ta mamaki, kamar wani baƙon abu ne ya faru. Wata uku suka yi a tsare ba tare da an fara sauraron shari'arsu ba, kuma a gidajen gyaran halin Najeriya wata uku ba ya cikin lissafi. Cikin mutum wajen 80,000 da ke kulle a gidajen nan, kusan kashi biyu cikin uku ba a yanke musu hukuncin komai ba. Shekaru ake yi ana jin wannan kaso, gwamnati ta zo ta wuce, yana nan inda yake.

Kuma ba a rasa doka ba. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu kuwa kwana biyu. Sashe na 36 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar. A 2015 aka zo da dokar tafiyar da shari'ar laifuka, wadda lauyoyi ke kira ACJA, Kaduna ta yi tata a 2017, Kano a 2019, sauran jihohi ma suka bi. A 2019 aka sake wa gidan yari suna da doka, ya koma gidan gyaran hali. Duk wanda ya ce abin da ya rage shi ne a sake rubuta wata doka, ina jin bai zauna a bencin kotun majistare ya ga yadda ranar Litinin ke tafiya ba.

Ga yadda take tafiya. 'Yan sanda su kawo mutum bisa zargin fashi da makami, ko kisan kai, ko garkuwa da mutane. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya karanta takardar rahoton farko, wato FIR. Alƙalin majistare ya san ba shi da hurumin sauraron irin wannan laifi, na babbar kotu ne, don haka ba ya ma neman wanda ake zargi ya amsa ko ya musanta. Sai ya rubuta a ajiye shi a gidan gyaran hali har a samu shawarar ma'aikatar shari'a. Daga wannan lokaci mutumin ya faɗa tsakanin hukumomi huɗu, kuma babu wadda take jin nata ne. Ɗan sanda yana ganin ya sauke nauyi tunda ya kai kotu. Majistare yana ganin hannunsa a ɗaure yake. Ma'aikatar shari'a ta ce kundin bincike bai iso ba. Gandiroba ya ce shi takardar alƙali ya karɓa, ba zai buɗe ƙofa ba sai da wata takardar. Idan aka yi wa mai binciken canjin wurin aiki, ko kundin ya kwanta a wata durowa don babu kuɗin kwafa, shi ke nan, sai dai a riƙa ɗaga zama daga wata zuwa wata, wani lokaci ma ba a kawo shi don babu mai a mota.

Wannan shi ne abin da masana shari'a ke kira tuhumar ajiya, kuma sun daɗe suna jayayya a kanta. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sha cewa tsarin mulki bai san ta ba. Amma a 2007, a shari'ar Lufadeju da Johnson, Kotun Ƙoli ta ce majistare na iya ba da umarnin ajiye mutum ko da ba shi da hurumin yi masa shari'a, ta soke hukuncin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a baya. Bayan shekara biyar, a 2012, kotun ECOWAS ta duba lamarin Sikiru Alade, wanda wata kotun majistare a Legas ta aika gidan yarin Kirikiri a 2003 aka manta da shi har shekara tara, ta ce tsarewar ta saɓa wa haƙƙinsa, a sake shi. Dokar 2015 ta zaɓi hanyar tsakiya: ta halatta ajiyar amma ta sa mata agogo. Kwana 14 da farko, a ƙara 14 in akwai dalili, daga nan kotu ta kira shugaban 'yan sanda da Antoni Janar su zo su faɗi dalilin da zai hana a sallami mutum. Duka-duka bai cika wata biyu ba. Jihohi sun ɗan sassauya adadin kwanakin, amma manufar ɗaya ce.

To me ya hana agogon bugawa? A ganina babban dalili guda ne, kuma shi ne aka fi kauce wa tattaunawa: duk wanda ke da ikon kulle mutum ba ya asarar ko kwabo idan tsarewar ta yi tsawo. Ministocin cikin gida, ɗaya bayan ɗaya, sun sha faɗin cewa kusan kashi 90 na mutanen da ke gidajen nan laifukan dokokin jiha ake zarginsu da su. Kotun jiha ce ke tura su, ma'aikatar shari'ar jiha ce ke riƙe da shawarar da ake jira, babbar kotun jiha ce za ta saurari ƙarar. Amma ginin na tarayya ne, ma'aikatan na tarayya ne, abincin ma tarayya ke biya, naira 750 a rana da aka ɗaga zuwa 1,125 a 2024. Mai gayyato baƙi daban, mai tuƙa tuwo daban, don haka mai gayya ba ya ƙirga kawuna. Gwamnan da ya bar ma'aikatar shari'arsa da lauyoyi 'yan ƙalilan da tarin kundaye har rufi, ba ya ganin sakamakon a kasafin kuɗinsa. Kwamishinan shari'ar da shawara ta yi shekara biyu a ofishinsa ba wanda zai tsayar da shi a majalisa. Majistaren da ya sabunta umarnin ajiya karo na goma ba tare da ya tambayi dalili ba, ba a taɓa ƙarin girmansa. Amma in ya saki wani, washegari aka ce an gan shi cikin 'yan daba, to sunansa ya shiga rediyo, ƙila ma takardar koke ta isa hukumar kula da ma'aikatan shari'a. Duk mai hankalin da ke son aikinsa ya san ɓangaren da ya fi aminci.

Haka abin yake a wajen 'yan sanda. Tun da an san cewa rubuta "fashi da makami" a takarda ya isa ya rufe ƙofar beli a kotun majistare, sai kalmar ta zama makami. Rigimar waya tsakanin samari, bashi tsakanin 'yan kasuwa, rikicin gona, duk suna iya zama babban laifi idan mai ƙara yana da ƙarfi. Dokar 2015 ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya, ta hana kama wani a madadin wani, amma wanda ya kumbura tuhuma ba ya fuskantar komai ranar da ma'aikatar shari'a ta ce babu hujja. A lokacin mutumin ya riga ya sha hukuncin da ba alƙalin da ya yanke masa.

A nan nake da ƙorafi kan masananmu na shari'a, malaman jami'a da manyan lauyoyi. Duk mai bin rubuce-rubucensu tun 2015 zai ga sassan dokar da suka fi cin tawada. Akwai sashe na 306, wanda ya hana dakatar da shari'a don an ɗaukaka ƙara. Akwai sashe na 396(7), wanda ya ba alƙalin da aka ɗaga zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara damar dawowa ya kammala shari'ar da ya fara, wanda Kotun Ƙoli ta rushe a watan Mayun 2020, hukuncin ɗaurin shekara 12 da aka yi wa tsohon gwamnan Abiya Orji Uzor Kalu ya bi ruwa. An yi taruka, an cika mujallu. Waɗannan sassa ne da ke taɓa masu iya ɗaukar babban lauya. Sashe na 34 kuwa, wanda ya wajabta wa majistare ya ziyarci ofisoshin 'yan sanda na yankinsa kowane wata ya duba waɗanda ke tsare, da sashe na 111, wanda ya wajabta wa shugaban gidajen gyaran hali ya miƙa jerin duk wanda ya wuce kwana 180 yana jiran shari'a bayan kowane kwana 90, waɗannan sai dai ka ga an ambace su a sakin layi ɗaya, a yaba wa dokar, a wuce. Tambayar da ya kamata bincike ya amsa mai sauƙi ce: a kotunan majistare na Kano, ko Zariya, ko Sakkwato, umarnin ajiya nawa ne ya wuce wa'adinsa a bara, kuma a teburin wa kundin ya tsaya? Amsarta na buƙatar zama a rajistar kotu da ƙura da zafi, ɗaliban shari'a na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Danfodiyo za su iya yi a zango ɗaya. Sharhi kan hukuncin Kotun Ƙoli ya fi daɗin rubutawa, kuma ya fi saurin kai mutum ga kujerar farfesa.

Abin takaici, malaman fiƙihu sun riga mu kallon wannan matsala da idon basira. Sun raba waɗanda ake tuhuma kashi uku: wanda aka sani da kirki, wanda aka sani da ɓarna, da wanda ba a san halinsa ba, kuma sun yi magana kan iyakar tsare na ukun don bincike. Mawardi ya kawo ra'ayin da ya ƙayyade shi da wata ɗaya. Jihohin da ke alfahari da aiwatar da shari'ar Musulunci tun 2000 ba su da uzurin cewa wannan tunanin Turawa ne.

Masu kare tsarin suna da abin faɗa, kuma ba duka ne banza ba. Suna cewa a yankin da 'yan bindiga ke kwashe gari, kwana 14 ba sa isa a kammala bincike. Shaidu na tsoron fitowa. In aka saki wanda jama'a suka kama da hannunsu, gobe ba za su kai wani ofishin 'yan sanda ba, a titi za su gama da shi. Na yarda akwai shari'o'in da ke buƙatar lokaci. Sai dai dokar ta riga ta buɗe ƙofar neman ƙarin lokaci, sharaɗinta kawai a zo gaban alƙali a faɗi dalili. Wanda yake da hujja ba ya gudun wannan zama. Kuma babu wanda zai gamsar da ni cewa mutum dubu hamsin duk riƙaƙƙun 'yan ta'adda ne.

Sakamakon kuwa ya wuce cunkoso da tarin fuka da ƙaiƙayi, duk da cewa waɗannan kaɗai sun isa. Mai shayi ko ɗan acaɓan da ya yi wata shida a gidan gyaran halin Kurmawa ko na Goron Dutse ya fito ya tarar da jari ya ƙare, an sayar da babur wajen bin shari'a, yara sun bar makaranta, wani lokaci matar ma ta kai ƙara an raba aure. Wasu kan amsa laifin da ba su yi ba a ƙananan tuhume-tuhume, don sun lissafa cewa ɗaurin wata uku da ranar fita ya fi jiran da ba shi da rana. Akwai kuma asarar da ba a cika ambata ba, ta wanda aka zalunta. Bayan shekara biyar shaida ya mutu ko ya ƙaura, mai bincike ya yi ritaya, abin da aka kama a hannun mai laifi ya ɓace. Mai laifin gaske sai ya fita don babu mai tabbatar da komai. Jinkirin ya cuci marar laifi, ya kuma wanke mai laifi.

Maganin da hukumomi suka fi so shi ne na biki. Gwamna ya biya wa fursunoni tara da azumi ko da Sallah, alƙalin alƙalai ya kai ziyara ya sallami 'yan goma. A Nuwamban 2023 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin mutum 4,068 bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu tara. Aikin alheri ne, iyalai sun yi murna. Amma wanda ake bi tara an riga an yanke masa hukunci, yana cikin ragowar kashi ɗaya cikin ukun nan ne. Masu jiran shari'a ba su da tarar da za a biya musu, ba su da wa'adin da za a rage.

A Maris 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulkin da ya ba jihohi ikon kafa nasu gidajen gyaran hali. Ba na goyon bayan a miƙa wa jihar da ke kasa biyan albashi ciyar da mutanen da ke kulle, yunwa za ta kashe su. Abin da nake gani zai yi aiki shi ne tarayya ta ci gaba da ciyarwa, amma duk wanda kotun jiha ta ajiye ya wuce wa'adin doka ba a shigar da ƙararsa a babbar kotu ba, a lissafa kuɗin kowace rana a cire daga kason jihar na wata kafin ya bar Abuja, a kuma buga jerin a jarida jiha-jiha. Jerin da ake buƙata sashe na 111 ya riga ya wajabta haɗa shi. Watan farko da kwamishinan kuɗi ya ga giɓin, shi da kansa zai taka zuwa ma'aikatar shari'a ya tambayi inda kundayen suka kwana.