Ɗalibin addini da harshen Turanci: tsoron da lokacinsa ya wuce

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, akwai gidajen da guɗa ke maƙale musu a maƙoshi. Yaro ya haddace Alƙur'ani tun kafin ya balaga, ya sauke Ahalari da Ishmawi, ya ci Larabci da darasin addini da maki mai kyau, amma ya faɗi Turanci. Da wannan faɗuwa guda ƙofar jami'a ta rufe masa, domin jami'o'in Najeriya na neman kiredit biyar, ciki har da Turanci. A jarrabawar JAMB kuwa Turanci ne darasin da ba a ɗauke wa kowa, ko da Larabci ko Shari'a mutum yake son karantawa.

Asarar ba ta tsaya kan yaron da iyayensa ba. Da Turanci ake rubuta dokokin ƙasa, da shi ake koyar da likitanci, da shi ake cike takardar banki da ta kotu. Duk mahaddacin da harshen nan ya tare wa hanya, al'umma ta yi rashin likita ko alƙali ko malamin jami'a mai tsoron Allah.

Asalin ɗari-ɗarin

Ƙyamar da kakanninmu suka nuna wa Turanci tana da dalilinta. Harshen ya shigo ƙasar Hausa ne a bayan bindiga, lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Makarantun farko da suka koyar da shi a sassa da dama na 'yan mishan ne, kamar aikin da Dokta Walter Miller ya kafa a Zariya. Uban da ya ga haka ya ɓoye ɗansa, imanin ɗan yake karewa. Ko kalmar "boko" kanta, masanin harshe Paul Newman ya nuna cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaskiya ba, wato ba daga sunan littafi a Turanci aka aro ta ba kamar yadda aka daɗe ana faɗa. Sunan kaɗai ya isa ya nuna irin kallon da aka yi wa wannan karatu.

Sannu a hankali abubuwa suka sauya. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa a 1909. Kwalejin Katsina ta fara aiki a 1921, kuma ita ce ta zama Kwalejin Barewa ta Zariya a yau. A 1934 aka kafa makarantar horar da alƙalai a Kano, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci, inda aka haɗa wa ɗalibai ilimin addini da Turanci da lissafi.

Mutanen da suka fito daga wannan zamani sun isa hujja. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fara da allo, ya yi malanta, kuma saboda daɗin Turancinsa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Shi ne ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960, lokacin da aka karɓi Najeriya. Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano 'ya'yan gidan malamai ne, kuma da Turancin da suka koya suka ƙalubalanci masu harshen. Sheikh Ahmad Lemu da maiɗakinsa Hajiya Aisha Lemu, haifaffiyar Ingila, suna cikin waɗanda suka kafa cibiyar Islamic Education Trust a 1969, suka rubuta littattafan addini da Turanci waɗanda ɗalibai suka amfana da su a ciki da wajen ƙasar nan.

Abin da magabata suka yi

Koyon harshen wasu mutane saboda bukata abu ne mai asali tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa, kuma Zaidu ya iya shi cikin kimanin rabin wata. Wannan Zaidun ne daga baya Halifa Abubakar ya ɗora wa amanar tattara Alƙur'ani. A cikin Suratur Rum kuwa an lissafa bambancin harsuna da launukan mutane cikin ayoyin Ubangiji.

Akwai wata magana da ake yawan jingina wa Annabi, cewa wanda ya koyi harshen mutane ya tsira daga makircinsu. Malaman hadisi sun bayyana cewa ba ta da asali, don haka bai dace a riƙa kafa hujja da ita ba. Labarin Zaidu ya wadatar.

Jarin da ɗalibin addini bai san yana da shi ba

Abin mamaki shi ne, ɗalibin da ya fi kowa tsoron Turanci yakan fi takwarorinsa kayan aikin koyonsa. Ɗauki furuci. Bahaushe kan sha wahala da sautin farko na kalmar "think" da na kalmar "this", ya mayar da su "s" da "z". To amma wanda ya karanta tajwidi ya riga ya san su, domin su ne mafitar ث da ذ, inda kan harshe ke taɓa gefen haƙoran gaba na sama. Ya shafe shekaru yana gyara bakinsa a gaban malami. Abin da ya rage a gaya masa cewa sautin da yake nema yana cikin bakinsa tuni.

Haka nahawu. Wanda ya karanta Ajuruma ya san fi'ili da fa'ili da maf'uli, ya san bambancin ma'arifa da nakira. Idan aka nuna masa cewa aikin "the" ya yi kama da na alif da lam, ya yanke rabin tafiya. Ga kuma hadda: ƙwaƙwalwar da ta riƙe izu sittin ba za ta gagara riƙe kalma goma a rana ba. Turancin ma ya ci bashin Larabci, domin kalmomi irin su "algebra" da "cotton" da "sugar" ta hanyarsa suka isa Turai.

Wannan ba ya nufin babu ramuka. Hausa ba ta raba "p" da "f", shi ya sa "pan" da "fan" ke zama abu ɗaya a bakinmu, haka "v" ke komawa "b". Harshenmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe babu wasali, shi ya sa muka sami "burodi" da "tebur". A Hausa mota mace ce, gida namiji, sai ɗalibi ya kira mota "she" maimakon "it". Mafi wuya shi ne rubutu: haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka kimanin 44, don haka ba kamar Hausa ba, yadda aka rubuta kalma ba lallai ne haka ake furta ta ba. Maganin wannan shi ne abin da almajiri ya sani tun ranar da aka wanke masa allo: ana ɗaukar karatu ne daga bakin wanda ya iya, a maimaita da murya, a biya a gyara.

Inda ake kuskure

A makarantun Islamiyya da yawa Turanci ne maraya. Ana ba shi darasin ƙarshe lokacin da yara suka gaji, a damƙa shi ga duk malamin da aka samu. Malamin ya cika allo da dokokin nahawu, yara su kwafa, a shekara shida babu wanda ya taɓa tsayawa ya yi magana ta minti biyu. Wanda ya gwada kuma ya yi tuntuɓen harshe, a yi masa dariya, daga ranar ya rufe baki. Harshe kuwa kamar iyo ne, ba a koyonsa a bakin gaɓa.

A ɗaya ɓangaren akwai makarantun kuɗi da ke cin tarar yaro ko su doke shi don ya yi Hausa, da iyayen da ke alfahari cewa ɗansu ba ya jin harshen kakarsa. Wannan ma ɓarna ce. Yaron da ya iya karatu da harshen da yake tunani da shi ya fi saurin ɗaukar karatu da wani harshen, domin dabarar haɗa baƙi da wasali sau ɗaya ake koyonta. Wanda aka raba da Hausa kuma an raba shi da tafsirin masallacin unguwa da nasihar dattawan gida.

Abin da gida zai iya

Ba sai uba ya iya Turanci ba kafin ya taimaki ɗansa. Ya ware rabin sa'a bayan sallar Isha, yaro ya karanta ɗan littafin labari da murya, sannan ya bayyana wa mahaifiyarsa abin da ya fahimta da Hausa. A saya masa ƙamus da littafin da zai riƙa tara sababbin kalmomi, kowace a cikin jumla. A bar shi ya saurari labarai a rediyo da Hausa, sannan ya saurare su da Turanci. Ɗalibin da ya yi nisa ya ɗauki hadisin da ya haddace, ya dubi fassararsa ta Turanci, ya gwada su. Wayar hannu na da darussa masu amfani, amma tana da ƙofofin da ba a so yaro ya leƙa, don haka a yi amfani da ita a tsakar gida inda ido ke gani.

A kuma kula da 'ya'ya mata musamman. Duk magidancin da ya taɓa tsayawa a asibiti yana fatan a samu likita mace ta duba iyalinsa, ya sani cewa wannan likitar sai da ta ci Turanci kafin ta sa farar riga.

Tsarin bai sauya ba: Alƙur'ani da sanin farillai su ne tushe, Larabci mabuɗinsu, Hausa ce harshen gida da zumunci, Turanci kuma abin hawa ne da zai kai ɗa inda zai amfani jama'arsa. Allah Ya buɗe wa 'ya'yanmu basira, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya sa harsunansu su zama masu faɗin gaskiya da kowace luga suka yi magana.