Kafin a Ce Yaro Zai Yi

[Kiɗan buɗe shiri]

 Gaisuwa ga mutanen Gangara, da na Tanut, da na Belbeji, da duk wanda muryarmu ta iske a faɗin Damargu, ko a bakin rijiya yake, ko a majalisa, ko a bisa amalanke kan hanyar gida.

Duk shekara idan gero ya shiga rumbu, ganga ta tashi da dare, samari suka ɗaura warki, za ka ji dattawa a gefen filin kokawa suna gardama. Wani ya nuna yaro da haɓa ya ce, "Wancan zai yi." Na kusa da shi ya girgiza kai ya ce, "Bari dai mu gani." Me na farkon ya gani a jikin yaron? Me ya sa na biyun ya ja baya? Shirinmu na musamman na yau zai ɗauki wannan tambaya ya kai ta Amurka, inda ake zuba dukiya mai yawa don a amsa ta, sannan mu dawo da ita gida.

Amurkawa suna da wata ƙwallo tasu daban da wadda yaranmu ke bugawa a filin makaranta. Ƙwallo ce mai siffar ƙwai, da hannu ake jifa da ita, 'yan wasa kuma suna sanye da hular kwano saboda karo. Mutum 11 ne a kowane ɓangare. Babbar gasarsu ita ce NFL, mai ƙungiyoyi 32. Duk watan Afrilu waɗannan ƙungiyoyi suna zama su zaɓi sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, zagaye bakwai, kuma ƙungiyar da ta fi shan kaye a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe. Wanda aka ɗauka a farkon zagaye na ɗaya, ƙasa gaba ɗaya ta san sunansa tun kafin ya taka fili.

A cikin masu tsaron baya akwai wanda suke kira kwanabak, mu kuma bari mu ce masa mai tsaron gefe. Aikinsa ya bi ɗan tseren da ake son jefa wa ƙwallo, ya hana shi cafkewa. Ku ji wahalar aikin. Ɗan tseren ya san inda za shi, shi mai tsaro sai dai ya karanta daga ƙugu da ƙafar abokin karawarsa. Da baya da baya yake fara gudu, idonsa na kan mutum, sannan ya juya jiki a cikin ƙiftawar ido ya bi shi ƙafa da ƙafa. Doka ta ba shi damar tura ɗan tseren a cikin yadi biyar na farko kawai, wato kimanin mita huɗu da rabi. Idan ya riƙe shi ƙwallo tana iska, alƙalin wasa zai kai ƙwallon daidai wurin da aka yi laifin, ko da nisan ya kai rabin fili. Sau da yawa kuma shi kaɗai ne a can gefe, babu mai taimakonsa. In an wuce shi, kowa ya gani.

To, yaya suke auna irin wannan yaro? Kafin ranar zaɓe, ana tara su a birnin Indiyanapolis. A auna tsayi da nauyi da tsawon hannu. A sa su gudun yadi 40, kimanin mita 36 da rabi, agogo na ƙirga daƙiƙa. A sa su tsalle daga tsaye, a sa su ɗaga ƙarfe mai kilo 102. Likitoci su bi gwiwa da kafaɗa da baya, su tono duk wani tsohon rauni. Masu horarwa su zauna da yaro su yi masa tambayoyi, bayan sun kwashe watanni suna kallon hotunan bidiyon wasanninsa. Wallahi aikin ba na wasa ba ne, kuma ni ina ganin akwai abin koyi a cikinsa.

[Gajeren kiɗa]

Ga labarin ɗaya daga cikinsu. Jeff Okudah, ɗan asalin Najeriya ne da ya tashi a jihar Tezas, ya yi wasa a jami'ar jihar Ohayo. A kakar 2019 ya ƙwace ƙwallo sau uku a iska, kuma masana wasan suka haɗu a kan cewa babu mai tsaron gefe kamarsa a dukan jami'o'in ƙasar. Tsayinsa mita 1 da santimita 85, nauyinsa kilo 93. Ya yi gudun yadi 40 a daƙiƙa 4.48, ya yi tsalle na santimita 104 daga tsaye. Yana da tsayi, yana da hannu, ƙafarsa tana da sauƙin juyi, ba ya tsoron karo. Ranar 23 ga Afrilun 2020, lokacin annobar korona, ƙungiyar Detroit Lions ta ɗauke shi a matsayin mutum na uku a duk zaɓen. Rabon da a ɗauki mai tsaron gefe da wuri haka tun 1997. Suka ba shi kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan 33 da rabi, abin da ya haura sefa biliyan 18.

Shekararsa ta farko, wasa tara ya buga, ƙwararrun 'yan tsere suka yi ta wuce shi, daga bisani aka yi masa tiyata a matsematsi. Ya dawo a 2021 da shirinsa, sai ga shi a wasan farko na kakar, da ƙungiyar San Francisco, agararsa ta tsinke. Shekara guda ta tafi. Duk wanda ya taɓa ganin raƙumi ko doki da ya samu rauni a agara ya san abin da wannan ke nufi ga mai cin abinci da gudu. A 2022 ya murmure ya buga wasa 15, amma a Afrilun 2023 ƙungiyar ta miƙa shi ga Atlanta Falcons, ta karɓi damar zaɓe guda a zagaye na biyar. Yaron bai yi lalaci ba, masu auna shi ma ba su yi ƙarya ba. Duk abin da suka gani yana nan a jikinsa. Agogo ne dai ba ya faɗin ranar da jijiya za ta yanke.

Sai kuma wani ɗan asalin Najeriyar, Nnamdi Asomugha, wanda Oakland Raiders ta ɗauka na 31 a 2003. Shekara uku cur bai ƙwace ƙwallo ko ɗaya ba, ana ta gunaguni an yi asarar zaɓe. Ƙungiyar ta haƙura da shi. A 2006 ya ƙwace takwas, daga nan masu jifa suka riƙa kauce wa gefen da yake tsaye. Richard Sherman kuwa, sai a zagaye na biyar aka tuna da shi a 2011, shi ne na 154, don ana ganin gudunsa bai kai ba. A 2013 shi ya fi kowa ƙwace ƙwallo a gasar, sau takwas, kuma a wannan kakar ƙungiyarsa ta Seattle ta ɗauki kofi. Shi da can ɗan tsere ne a jami'a kafin a mayar da shi tsaro, don haka ya san tunanin wanda yake bi.

[Kiɗan kokawa]

Mu dawo gida. Gasar kokawa ta ƙasa, wadda zakaranta ke ɗaukar takobi, ta faro ne a Tawa a 1975, inda Yakuba Ango Kantu na Maradi ya zama zakara na farko. Yau kowace jiha daga cikin takwas ɗin nan tana kai 'yan kokawa goma, jimla 80. Jiharmu ta Damagaram ba baƙuwa ba ce a wannan fage: filin kokawarta yana ɗauke da sunan Langa-Langa, kuma har yanzu ana ambaton Balla Haruna idan ana lissafin waɗanda suka ɗauki takobi. Kafin yaron Gangara ya shiga cikin goman nan, sai ya bi ta zaɓen Tanut, sannan ya je Damagaram ya kara da na Mirya da Magarya da Matamai da Gure. Wannan shi ne namu zaɓen, kuma masu yin sa da ido suke yi.

Idon nan kada a raina shi. Tsohon ɗan kokawa yana duban abin da mai agogo ba ya dubawa. Yana kallon yadda yaro ke dasa ƙafa a cikin yashi, ko ƙugunsa na sauka ƙasa ko tsaye yake kamar turmi. Yana kallon ko idan an kama masa ƙafa yana ruɗewa. Yana lura da numfashinsa idan wasa ya yi tsawo, da ko kirarin makaɗa na ɗibarsa har ya kai hari ba shiri. A nan ne ɗan kokawa da mai tsaron gefe suka yi kama: su biyun suna tsaye gaban mutum ɗaya, suna jiran motsinsa, kuma wanda ya yi gaggawar miƙa jiki shi ake yaudara. Sai dai na Amurka in an wuce shi, akwai wani zagayen bayan 'yan daƙiƙu. Namu kuwa kaye ɗaya ya raba gardama. Shi ya sa nake ganin abin da ya fi kamata a duba a wurin sabon ɗan kokawa shi ne washegarin ranar da aka kada shi. Ya dawo fili? Ya gane ta inda aka shige shi, ko ya tsaya yana cewa asiri aka yi masa? Kadri Abdu na Dosso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobi sau shida, amma shi ma ya sha kaye a gaban jama'a ya koma ya gyara.

Inda muke da rauni shi ne wajen lafiyar jiki, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Mun sha ganin saurayi ya kada ƙauyuka uku a kaka ɗaya, gari ya ɗauka, a tura shi gaban manya da suka fi shi kilo ashirin ko talatin, tun ƙashinsa bai gama ƙwari ba. Ya gurɗe gwiwa, ya ɓoye don kada a cire sunansa, a ɗaure da tsumma, a ba shi ƙwayar kashe zafi daga tebur, ya koma fili. Okudah da agararsa ta tsinke, yana da likitoci da albashin da aka lamunce masa. Yaronmu in gwiwarsa ta lalace, ba kokawa kaɗai ya rasa ba. Da wannan gwiwar zai yi huɗa da damina, da ita zai ja guga, da ita zai ciyar da iyayensa.

Don haka kiranmu ga masu zaɓen 'yan kokawa a Gangara da Tanut da Belbeji, da iyayen gida masu ɗaukar nauyinsu: kafin a rubuta sunan yaro, a kai shi likita ya duba gwiwa da kafaɗa da baya. A tambaye shi tsohon ciwo a keɓe, ba a gaban abokansa ba, don kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Wanda ya faɗi a shekararsa ta farko, a ba shi shekara ta biyu da ta uku kamar yadda aka yi wa Asomugha. Ku kuma samari, idan jiki ya yi ciwo ku faɗa wa mai horar da ku tun kafin a buga ganga.

A nan za mu dakata.  Allah Ya ba mu kaka mai albarka, Ya tsare mana yaranmu a fili. Wassalamu alaikum.

[Kiɗan rufe shiri]