Firizar Da Ba Ta Faɗin Cinta

Da hutun ƙaramar sallah na je gida Mahuta, hedikwatar ƙaramar hukumar Fakai, na tarar da ƙanwata cikin damuwa. Sana'arta sayar da ƙanƙara da zoɓo. Ta kwashi adashi ta sayo firiza ta hannu a Zuru, saboda ta fi sabuwa araha nesa ba kusa ba. Ba a yi wata biyu ba, batiran solar da maigidanta ya haɗa mata suka fara sarewa kafin tsakar dare. Dole ta koma ga janareta, ga shi fetur ya yi ɗan karen tsada tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023. "Yaya," in ji ta, "mai kanti ya faɗa mini kuɗinta, amma bai faɗa mini cinta ba."

Abin mamaki, akwai tanadin da aka yi domin irin wannan. A 2017 Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta ƙaddamar da takardar da ake liƙa wa firiji da na'urar sanyaya ɗaki, mai taurari daga ɗaya zuwa biyar. Yawan taurari, ƙarancin cin wuta. Tunani ne mai kyau, amma da sauran gyara. Bayanin da Turanci yake, ma'aunin kuma na injiniyoyi ne. Ni da nake koyarwa a jami'a ma sai na ɗauki biro kafin in mayar da kilowat zuwa naira, balle mai sayar da zoɓo.

A Amurka, tun 1980 takardarsu mai ruwan ɗorawa take nuna kimanin dalolin da na'ura za ta ci a shekara. Mai saye ya dubi biyu ya zaɓa. Me zai hana tamu ta faɗi haka da naira, da Hausa da sauran harsunanmu?

Babbar matsalar ma ita ce kayan hannu, waɗanda su talaka yake iya saye, kuma ba sa zuwa da wata takarda. Ghana ta hana shigo da tsofaffin firiji tun 2013. Ban ce mu kwaikwaye su ido rufe ba, domin hani ba tare da sauƙaƙa farashin sabo ba zai rufe sana'o'i da yawa. Amma a wajabta gwada cin wutar kowace firiza ta hannu, a liƙa sakamakon kafin ta shiga kanti.

Ƙanwata dai ta sa tata a kasuwa. Har na baro Mahuta ba a taya ba.